Tokar da Aka Share Mini

Talata, 4 ga Nuwamba, da hantsi. Balsall Heath, Birmingham.

Ina rubutu a saman gado mai hawa biyu na 'ya'yan ƙanena Aminullahi, kaina na gogar silin. Mace mai shekara arba'in da tara, ma'aikaciyar laburaren jami'a, mai gidan kanta a Moss Side cikin Manchester, ga ni ina hawa tsani in kwanta. Inno, mahaifiyarmu, tana gadon ƙasa. 'Yata Hanan tana kan katifa a bakin ƙofa, duk mai zuwa banɗaki sai ya tsallake ta.

Jiya na je Manchester na haɗu da mutumin da kamfanin inshora ya turo ya ƙiyasta ɓarnar gobarar. Ya goge takalminsa a bakin ƙofa, ya duba falo, ya dube ni, ya sake duba lambar gidan a wayarsa. Ya ce, a nan ne aka yi gobarar?

Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na buɗe ƙofar sai da na ja da baya.

Bari in rubuta abin da ya faru sau ɗaya in huta. Ranar da aka kwantar da Inno a asibiti saboda hayaƙin da ta shaƙa, na ba Hajiya Ramlat makulli ta ɗebo mana kayan sawa. Kayan sawa kawai. Hajiya Ramlat, matar likita, wadda ba a suna ba a rasuwa a cikin Hausawan Manchester sai da ita a gaba, ta shiga ta ga abin da ta gani, ta saka saƙo a group ɗin mata. Asabar da Lahadi suka yi gayya. Suka yi hayar skip, ƙaton kwandon sharar nan da mota ke ɗauka, suka kwashe kujeru da kafet da labule da littattafaina suka zuba. Suka wanke bango da bleach. Mazansu suka zo da allo suka rufe ramin da wuta ta yi a silin, suka shafe falon da farin fenti. Har da furen roba a kan taga. Ba wanda ya tambaye ni, don ba a damun wanda ake yi wa jaje da tambaya. Ranar Litinin mota ta zo ta tafi da skip ɗin.

Suka kira ni a asibiti suna murna: Maman Hanan, kada ki damu da gida, an gama komai.

An gama komai kuwa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan magariba.

Yau ce ranar da mutanen ƙasar nan suke kunna wuta da gangan su tsaya suna kallo suna cin alewa. Tun la'asar ake harba tartsatsi sama. Inno ta toshe kunnuwa tana tambayata wa ya ci zaɓe.

Amsar inshora ta zo. A ganinsu hayaƙi ne kaɗan ya taɓa falo. Za su biya kuɗin wanki da fenti, wato aikin da aka riga aka yi mini kyauta. Kayan da suka ƙone kuwa, tunda ba su gani ba, ba su san da su ba, kuma sharaɗinsu ya ce kada a zubar da komai sai sun duba. Gidan, in ji su, yana zaunuwa, saboda haka ba za su kama mana wani wuri ba.

Yana zaunuwa. Ɗakin Inno yana saman falon. Na taka tsakiyarsa ranar Litinin na ji katako yana lotsawa kamar na taka burodi. In ka kunna butar shayi wutar gidan duka ta ɗauke. Amma bangon fari ne, fari tas, sai ka ce ɗakin amarya.

An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ni ban ƙona ba, amma na san inda take kuɗi: a nan ne, a wajen inshora. Tawa kuma an share ta.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan asuba.

Inno ba ta gane hanyar banɗaki ba. Na wanke zanin gadon kafin Hajar, matar Aminullahi, ta tashi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da yamma.

Na karanta takardun inshorar daga farko har ƙarshe. Na yi shekara ashirin ina jera littattafai, na karanta masu kyau da munana, ban taɓa cin karo da rubutun da aka tsara don kada a fahimce shi kamar wannan ba. Kowace jimla tana ba ka abu da hannun dama, ta gaba ta karɓe da na hagu.

Aminullahi ya dawo daga masallaci ya zaunar da ni a kicin. Akanta ne, ko gaisuwa zai yi sai ka ji kamar yana rufe lissafin shekara. Ya ce, Adda Raki, ki karɓi abin da suka bayar, ki yi haƙuri. Na ce in karɓa in mai da Inno ɗakin da zai rufta da ita? Ya ce ai maganar da yake so mu yi ke nan. In gidan bai gyaru ba, nan kuma ba wuri, gara ya kai Inno Yola wajen ƙanwarmu a ƙarshen watan nan. Akwai mutane a can, akwai rana, ba za a bar ta ita kaɗai ba.

Ya faɗi "ita kaɗai" ɗin yana kallon firji.

Na ce Inno ta yi shekara goma sha ɗaya a gidana. Ta san matakalar da ƙafarta, ta san wace taga ke kallon masu wucewa, GP ɗinta, likitan unguwa, ya san ta. A Yola ƙanwar tamu 'ya'ya shida gare ta da shago. Za a ajiye Inno a ɗakin baya a riƙa turo mini hoto ranar Sallah. Ya ce, to ki kawo gidan da za ta zauna, Adda.

Shi ke nan. In gidan ya dawo, Inno tana hannuna. In bai dawo ba, za a saka ta a jirgi.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da rana.

Hajiya Ramlat ta kira sau uku. Na bar wayar tana ta kuka a cikin jaka.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan azahar.

Hajar ce ta kawo maganar, a hankali, muna yankan albasa. Wai akwai wata cikin iyayen yara a makarantar 'ya'yanta, aikinta ke nan: in inshora ta turo nata mai ƙiyasi, ita kuma sai ta tsaya wa mai gida, ta yi nata ƙiyasin, ta yi faɗan a madadinsa. Loss assessor ake ce musu.

Na je yau. Ofishinta yana Aston, a saman shagon wani mai aski. Sunanta Nanret, 'yar Jos, gajeriya, da takalmin ma'aikatan gini a ƙarƙashin tebur. Ta ji sunana sai ta juya Hausa: Sannu Hajiya, ya ya ƙoƙari? Na kusa fashewa da kuka saboda gaisuwa kawai, abin kunya.

Na ba ta labari. Da na zo wajen fenti sai ta ajiye biro ta rufe fuska da hannu biyu. Ta ce, mutanenmu! Na rantse miki ko a cocinmu aka yi wannan gobarar, haka matan zumunta za su yi. Da tsintsiya za su iso kafin motar kwana-kwana ta juya.

Ta ce za a iya, amma in sani tun yanzu. Za ta ɗauki kashi ɗaya cikin goma na duk abin da aka samu. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Za ta nemo rahoton 'yan kwana-kwana, ta kawo mai duba gini, ta sa a buɗe silin a gaban mutumin inshora. Amma tunda kayan sun tafi, sai dai waɗanda suka kwashe su su ba da shaida a rubuce: me suka tarar, me suka zubar, wa ya sa su. Kowacce da sunanta da sa hannunta. Ta ce, kuma Hajiya, zan tambaye ki yadda wutar ta tashi, da wanda yake gidan. Ba don in kama kowa ba. In ban sani ba, su za su sani kafin ni.

Na ce zan yi tunani. Ta ce, yi, amma kada ki sa hannu a komai nasu, kuma don girman Allah kada a sake share ko ƙura.

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi.

Aminullahi ya ce kashi goma na me? Na abin da babu? Ya ce irin waɗannan mutanen a kan gawa suke kiwo. Na ce ungulu ma tana da amfani, ita ce kaɗai ke zuwa in abu ya mutu ba tare da bokiti ba.

Ba kuɗin ne ya tsaya mini ba, shi ma ya sani. Ya ce, Adda, yanzu za ki je ki ce wa Hajiya Ramlat ta rubuta wa Turawa cewa ita ta ɓata miki? Matar da ta wanke Hanan ranar da aka haife ta? Da wane ido za ki shiga taron suna bayan haka?

Da wane ido. Da wannan dai, mai kumburi.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da la'asar.

Inno ta tambayi Hajar ina kaskonta, wai ɗakin nan yana buƙatar turare. Hajar ta dube ni. Na dubi bango.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, a cikin bas, wajen ƙarfe goma.

Hanan ta koma Manchester wajen ƙawarta saboda makaranta. A tasha ta rungume ni ta ce, Mum, just ask them, wato in tambayi matan kawai su ba da shaidar. Da Turancinta na 'yan Moss Side, mai haɗiye rabin kalma. A wajenta abin ba wuya: sun yi kuskure, su faɗa, a wuce. Ita ba ta san cewa a wajenmu alheri bashi ne da ba a ƙirga shi kuma ba a gama biyansa ba. Ba ta san wadda ta ce wa mai taimako "kin cuce ni" sunanta butulu har jikokinta.

Ina fushi da mutanen da ba ni da ikon yin fushi da su. Da ɓarayi ne suka kwashe kayan, da na samu lambar 'yan sanda na miƙa wa inshora. Waɗannan da dambun nama suka zo.

Littattafaina. Ban rubuta wannan ba tukuna. Wasu tun ina ɗaliba a Zariya na saye su, na ɗauko su a akwati maimakon atamfa. Ko da sun ƙone, da na so in ga gawarsu.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan asuba.

Zanin gado kuma.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana.

Na ji Aminullahi a waya yana tambayar ko jirgin Abuja yana da keken tura tsofaffi. Ya rage murya da ya ga inuwata.

Na shiga ɗaki na tarar da Inno ta ninke kayanta tsaf ta ɗaure a ɗankwali. Ta ce, Rakiya, mutanen gidan nan suna da kirki amma mun daɗe, baƙo raɓa ne. Mu koma gida, na bar wani abu a kan wuta.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Na kira Nanret na ce ta same ni a Moss Side ranar Litinin. Ban ce na ɗauke ta ba. Na ce ta zo ta gani.

Litinin, 17 ga Nuwamba, a cikin bas, bayan la'asar.

Bas ɗin yana rawa, duk wanda zai karanta wannan ya yi ta kansa.

Nanret ta zagaya gidan. Ta shinshina soket. Ta hau sama ta taka ɗakin Inno da ƙafa ɗaya ta janye. Ta ce, kada kowa ya sake shiga nan. Daga nan muka taka zuwa gidan Hajiya Ramlat, layi biyu tsakaninmu.

Na shirya maganata tun daga Birmingham, mai laushi, da godiya a gaba da godiya a baya. Hajiya ta tare mu da fara'a, ta kawo kunun aya, ta ce, Maman Hanan, kin ɓuya, ko fentin ne bai yi miki ba? Na so a sa ruwan madara, Dakta ya ce fari ya fi haske.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce fentin ya yi kyau, Hajiya, ya yi kyan da inshora ta ce ba a yi gobara ba. Na ce kun share mini shaida, kun zuba gidana a skip, yanzu za a kai uwata Yola saboda kun iya wanke bango. Na ce makulli na ba ki ki ɗauko mini zani, ban ba ki gidan ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Nanret tana kallon kofinta kamar an rubuta labari a ciki.

Hajiya Ramlat ba ta katse ni ba. Da na gama ta gyara mayafinta ta ce, kin gama?

Ta ce, ke ba ki shiga falon nan ba, daga wajen aiki asibiti kika wuce. Ni na shiga. Kujerar da Inno take zama, rabinta babu. Silifas ɗinta ɗaya ya narke ya manne da kafet, a nan gaban kujerar, ba a bakin ƙofa ba. Kaskon turaren yana ƙarƙashin labule. A jikin bango, daga kujera har ƙofa, sawun hannunta ne a cikin baƙin hayaƙi, tana lalube. Ta wuce ƙofar, Rakiya. Sawun ya wuce ƙofar ya dawo. Ta ce, na tsaya a wurin na ce wallahi 'yarta ba za ta ga wannan ba. Ni na wanke bangon da hannuna, ban bar wa kowa ba. Inshora ba ta zo mini a rai ba. Ke kika zo mini.

Ba ta taɓa kirana Rakiya ba sai yau.

 

Ta juya wajen Nanret ta ce, 'yata, me ake so in rubuta? Nanret ta ce, abin da kika faɗa yanzu, Mama, duka. Hajiya ta dube ni ta ce, duka? Ta san abin da take tambaya. In an rubuta duka, an rubuta kaskon, an rubuta wanda ya kunna, an rubuta cewa ba kowa a gidan sai ita. Abin da na yi shekara biyu ina kira mantuwar tsufa zai shiga takarda da sunansa na gaskiya.

Na tambayi Nanret ko hakan zai sa su ƙi biya. Ta ce a yadda ta karanta takarduna, haɗari haɗari ne, ko wa ya yi shi. Abin da ke kashe magana shi ne ɓoyewa.

Na ce a rubuta duka.

Na sa wa Nanret hannu a kan teburin Hajiya Ramlat, kusa da kunun da ban sha ba. Hajiya ta raka mu ƙofa, ta ce za ta kira sauran matan da kanta. Ba ta ce in gaida Inno ba. Ba ta ce sai an jima ba. Ban sani ba ko na rasa ta.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da hantsi.

Na faɗa wa Aminullahi na ɗauke ta. Ya ce Allah ya sa alheri, da muryar da ake cewa Allah ya jiƙan rai. Na ce kada ya sayi tikiti sai an buɗe silin. Ya ce in an buɗe ba a ga komai ba fa? Na ce to ni zan raka ta Yola da kaina. Na faɗa, kuma ya ji.

Na kira GP na nemi a duba Inno, dubawar da ya daɗe yana ba ni shawara ina cewa da sauƙi. Matar da ta ɗauki wayar ta tambaye ni dalili. Na faɗi kalmar: dementia, cutar mantuwa. Ba a mutu ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da yamma.

Mata bakwai sun ba da shaida. Biyu sun ƙi, mazansu sun ce ba sa son sunansu a takardar Turawa. An cire ni daga group ɗin girkin Maulidi, wai don a rage mini nauyi.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan asuba.

Gobe za a buɗe silin. In babu komai a bayan allon nan fa? In wutar ta lashi sama-sama ne kawai, ni ce na ƙara mata gishiri a kaina? Na zagi mace a gidanta, na tona asirin uwata, a kan farin silin.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan azahar. Moss Side.

Ina zaune a kan matakalar gidana, da kwat a jikina.

Sun zo da safe: Nanret, da mai duba gini, da mutumin inshora na ranar nan, ya sake goge takalminsa. Mai duba ginin ya hau tsani ya sa ƙarfe a gefen allon da su Dakta suka kafa. Sun kafa shi da kyau, Allah ya saka musu, sai da ya yi gumi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Allon ya faɗo. Bayansa gawayi ya biyo, ya zubo a kan farin bango, a kan kafaɗar mutumin inshora, a kan takardunsa. Warin ya cika falon kamar jiya aka yi. Katakon da ke riƙe da ɗakin Inno ya ƙone ya zama kamar bayan kada, mai duba ginin ya tura biro a ciki ya shige. Wayoyin lantarki sun narke sun dunƙule.

Mutumin inshora ya daɗe yana kallon sama. Ya ce ba wanda zai kwana a gidan nan. Nanret ta ce, to a ina za su kwana? Ya ce zai yi magana da ofis yau a kama mana wuri a kusa. Ta ce a rubuce. Ya ce a rubuce. Maganar kayan da aka zubar, in ji ta, faɗa ne na wata da watanni, kada in sa rai da yawa.

Na ɗauki hoton ramin na tura wa Aminullahi, ban rubuta komai a ƙasa ba. Ya kira.  Ya ce, a saman wannan take kwana? Na ce i, da rana kuma a ƙarƙashinsa take zaune. Ya ce, Adda, ki nemi flat na ƙasa, mara matakala. Zan kawo ta ranar Asabar.

Sun tafi duka. Baƙin ya ɓata bangon daga sama har ƙasa, ya shiga gashina, ya shiga haƙorana. Dariya nake yi ni kaɗai kamar sabuwar kamu, maƙwabciyata ta leƙo ta koma.

Gidana ya ƙone. Yau aka yarda.